Kaskon Yashin Goggo

Ruwa ya sake zuwa bana. Tun farkon watan nan kogi yake hawa a hankali, ba hayaniya, har ya kwanta a gonakin ƙauyenmu na wajen Guri, ya shiga lasar gindin katangu. Ɗakin Goggo Hajara, yayar mahaifina, yana cikin waɗanda suka zube. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, don haka aka ɗauko ta a kwalekwale aka kawo ta gidanmu na Haɗejiya, inda nake zaune da Inna, da ƙullin kayanta da wani tari da ke hana ta kwanciya ta gefe ɗaya.

Likita ya duba ta shekaranjiya. Ya ba ni 'yar kwalba mai murfi, ya ce a kawo kakinta na safe a gwada, don a san maganin da zai kama ciwon. Kwalbar tana kan tagar ɗakina. Ina duba aikin ɗalibaina, idona yana komawa kanta, ƙanshin laka yana shigowa daga waje, sai na ga kaina a wata daminar.

Lokacin ba a yanke Jigawa daga Kano ba. Ina aji uku a sakandaren 'yan mata, na dawo gida dogon hutu. Shekarun da suka gabata kogi bai cika ba, fari ya bi fari, har mutane suka saba da busasshiyar fadama. Suka gangara da geronsu can ƙasa, wuraren da iyayensu ba su taɓa shuka komai ba sai shinkafa. Baba ma ya gangara. Gonarsa ta tudu ta gaji, ta fadama kuwa baƙar ƙasa ce mai maiƙo, geron ya tashi ya fi shi tsawo.

Amma gero a tsaye ba ya cika ciki. Rumbunmu ya ƙare tun tsakiyar damina. Na tuna ranar da Inna, da tsohon cikinta, ta sa ni na shiga rumbun na share ƙasansa da tsintsiya, na fito da abin da bai cika ƙoƙo ba, rabinsa ƙasa ce. Daga nan sai kunu tsululu da safe, wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Da rana kwaɗon rama ko tafasa. Da yamma, in Baba ya hau goransa na kamun kifi ya samo tarwaɗa, sai a yi romo, in bai samo ba mu bi bakin ruwa mu tsinko bado, mu fasa 'ya'yansa mu shanya, a daka a tuƙa. Yunwar damina ba ta cizo da ƙarfi, tsotsa take yi. Komai kore shar, komai yana walƙiya, kai kuma in ka miƙe da sauri sai duniya ta yi duhu. Nakan zauna a bakin gona ina kallon zangarniya tana kaɗawa, ina jin ƙanshin tumu a hancina tun ba a gasa ba.

Saura kaɗan geron ya nuna sai ruwa ya taho. Ba daga sama kawai ba, daga yamma ma, ja, ɗauke da kara da kumfa da matattun kaji. Aka kira gayya. Maza suka fita da fatanya da tsofaffin buhuna suna ɗaga jinga, mata muna kai musu ruwan zafi da ɗan abin da ya samu. Suna ɗorawa, ruwa yana hawa. Wata safiya jingar ta ɓalle ta gefen gonarmu, da wata ƙara mai laushi, kamar an yaga tsohon zane.

Babu abin da ya rage sai a ceci abin da za a iya. Suka shiga ruwa har ƙirji, kowa da masaki yana tura shi a gabansa, suna yanko kan geron da bai gama ƙosawa ba. Mu muna karɓa muna shimfiɗawa a kan rufi da dangogi. Da rana ta leƙo sai hadari ya rufe ta. Geron ya fara tsiro a inda muka shanya shi, gari duk ya ɗauki warin tsami da ruma. Baba yakan fito daga ruwa leɓɓansa sun yi toka-toka, matsattsaku manne a ƙwaurinsa, ya ce da ni, “Ummina, ki rubuta a makarantarku cewa ubanki ya koma kifi.” Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa shi da Goggo ba sa kiran sunana, Ummi suke cewa.

Ciwon Baba da jin sanyi ya fara. Yana rawar ɗari a tsakar rana, an lulluɓe shi da duk zannuwan gidan. Sai zazzaɓi, sai wani suka a haƙarƙarin dama wanda ke sa ya riƙe numfashi kafin ya yi tari. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Aka sayo kafso ja-da-baƙi a wajen mai tallan magani. Goggo ta tare a ɗakinsa. Ita ta raine shi tun mahaifiyarsu ta rasu yana goye, har ya yi furfura Auta take kiransa, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya musa mata ba. Ta ajiye kasko cike da yashi a gefen shimfiɗarsa. Duk abin da ya tofar sai ta rufe da yashi nan take, da safe ta je bayan gida ta haƙa rami ta binne.

Kowa a garin ya san dalili. Mijinta ya yi rigima da wasu mutane a kan wani tafkin kamun kifi, ta ce da idonta ta ga an duƙa an kwashi ƙasar inda ya tofa yawu a bakin kasuwa, bai kai kaka ba ya rasu. Tun daga nan gashi, farce, yawu, ko sawun ƙafar nata, ba ta barin su a fili.

Da numfashin Baba ya koma kamar ana jan zarto, maza suka ce sai asibiti. Inna ba ta iya shiga jirgi da cikinta. Goggo ta ce ita za ta yi jinya.

“A tafi da 'yar takarda,” in ji ta, “ko ba komai ta ji mana abin da suke faɗa da Turanci a kanmu.”

Muka ratsa ta saman gonakin mutane a kwalekwale. Ruwan ya kwanta lumui, sararin sama duk yana ciki, farin bado a buɗe ko'ina, balbelu a kan bishiyoyin da suka nutse zuwa wuya. Ban taɓa ganin ƙasarmu ta yi kyau irin na ranar ba, har yau kuma ina jin haushin wannan kyan. Kan Baba yana kan cinyar Goggo, kaskonta yana tsakanin ƙafafunta.

A asibitin cikin gari likita ya ɗora abin sauraro a bayansa, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin da yatsa, ya ce limoniya ce, huhun dama ya cika. Aka fara masa allura. Ya ce amma ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwo iri-iri ne, allurar da ke kashe wannan ba ta taɓa wancan, don haka sai an gwada kaki. Ya tura ni ɗakin gwaji wajen Madam Rifkatu, wata doguwar mace daga kudancin Kaduna wadda ta daɗe a Haɗejiya har bakinta ya fara juyawa irin namu.

Ta ba ni kwalba. “Da safe, kafin ya ci komai. Ya kurkure baki, ya ja numfashi, ya taro shi daga can ƙasan ƙirji. Ba yawu nake so ba, 'yan mata, yawu kowa yana da shi.”

Na faɗa wa Goggo a baranda inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. Ta daɗe tana kallon kwalbar.

“Su kai shi ina?”

“Ɗakin gwaji, Goggo.”

“Wa ke ciki?”

“Ma'aikata.”

“'Ya'yan wa? Kin san iyayensu?”

Ta miƙo hannu. “Kawo. Ke kuma gobe ki tsaya a waje. Ko a makarantar taku an ce 'ya ta tsaya a kan ubanta yana kaki?”

Na ji kunya, na ba ta. Da safe ta fito ta miƙo mini kwalbar a rufe, na kai. Madam Rifkatu ta ɗaga ta a haske ta girgiza kai. “Yawu ne. Ki ce ya ƙara ƙoƙari.” Na koma na faɗa. Goggo ta ce, “Ashe suna ganewa.” Na ɗauka mamakin ilimi take yi.

Washegari abin da ta ba ni mai kauri ne, fari-fari da ɗan kore. Madam ta ce yauwa. Da ta ga na tsaya ina leƙe, sai ta ce in shigo. Ta shafa kaɗan a kan gilashi, ta zuba masa ruwan kala, ta sa a ƙarƙashin madubinta, ta ce in sa ido ɗaya. Na ga wasu 'yan ɗigo shuɗaye, bibbiyu, kamar tsakiyar wuya da ta tsinke ta watse. Sannan ta ɗauko ɗan faranti mai wani abu ja a daskare, ta ja layi a kai da siririyar waya.

“Shuka na yi,” in ji ta. “Zan sa a akwatin ɗumi. In ya tsiro, sai in jera masa 'yan takardu, kowace da maganinta. Wadda ya guje wa, ya bar fili kewaye da ita, ita ce maganinsa.”

Na fito raina fes. A ganina na sami wata gona wadda ruwa ba ya ci. Har waƙa na fara haɗa mata a zuciyata.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito. Ƙwayar ta guje wa allurar da ake yi masa, fili mai faɗi. Likita ya ce madalla, muna kan hanya, a ci gaba, a ba magani lokaci. Goggo ta ce, “To, kun ji.”

Aka ci gaba. Ruwan sama yana dukan kwanon rufin ɗakin har ba a jin maganar na kusa. In ya ɗauke sai zafi mai ɗanko ya sauko, da sauro, da warin maganin wanke ƙasa. Abincinmu ɗan garin bado ne da muka taho da shi, da abin da maƙwabtan tabarma suka sam mana. Na gadon dama ya warke ya tafi. Na gadon hagu ya fara zama yana cin tuwo. Baba kuwa kullum ƙara nutsewa yake cikin katifa. Idanunsa suka faɗa, farcensa ya yi shuɗi-shuɗi. Likita yakan tsaya a kansa ya daɗe, ya sake duba sakamakon, ya ce abin ya ɗaure masa kai.

Wata safiya Goggo ta tafi neman ruwan zafi wajen mai shayi a bakin ƙofa. Tari ya kama Baba, ba kowa sai ni. Na ajiye kunya na tara masa kaskon. Abin da ya fito ja ne, kalar jan bulo, mai yauƙi, yana manne wa leɓensa sai da na share da gefen mayafina. Na tsaya ina kallonsa a kan yashi. Ba shi ne abin da na kai a kwalba ba. Daga can baranda kuma na jiyo Goggo tana dawowa, tana tarinta na kullum, tsohon tarin hayaƙin murhu da muka saba ji har muka daina jinsa.

Na rufe da yashi da kaina. Na fita ta ɗaya ƙofar na tafi ɗakin gwaji.

Madam Rifkatu ta saurare ni har na gama. Ta zauna a kan kujerarta a hankali. “Wayyo, tsohuwa,” in ji ta. “Ashe ita muke ta yi wa magani a jikin ƙaninta.” Ta ba ni sabuwar kwalba. “Yanzu, ba gobe ba. Ki tsaya a kansa da ƙafafunki.”

Na jira har Goggo ta zagaya. Na durƙusa a gefen gadon. Baba ya ga kwalbar, ya kawar da kai.

“Yaya ba za ta so ba.”

“Ka sani ke nan, Baba?”

Ya rufe ido. “Ita ta goya ni, Ummina. Me zan ce mata?”

“Ni ma uwarka ce. Kai ka ce.”

Ya yi ɗan murmushi, abin da ya rage masa. Na tallafo shi, ya ja numfashi, ya yi tarin da na ji kamar ƙirjinsa zai tsage, ya tofa. Ina murɗa murfin Goggo ta shigo.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kwalbar, ta dubi jan da ke ciki, ta dube ni.

“Ba ni.”

“A'a, Goggo.”

“Tun yana rarrafe nake bin bayansa ina rufewa. Ke jiya aka haife ki. Ba ni, in ba so kike ki kai shi da hannunki ba.”

Na ɓoye kwalbar a cikin mayafi na wuce ta gefenta. Ta kama gefen zanena, na fizge. A bayana na ji tana cewa masu jinya, “Ku shaida. Ku dube ta da kyau.”

A ƙarƙashin madubi wannan karon ba shuɗayen ɗigo ba ne. Wasu 'yan sanduna ne jajaye, gajeru, masu kauri, sun cika ko'ina kamar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa. Madam ta tafi da kanta ta sami likita. Bai jira shuka ta tsiro ba, a ranar ya sauya allura. Ya kira Goggo ya yi mata faɗa, ta sunkuyar da kai tana jan carbinta har ya gaji. Ya ce da ni ciwon ya riga ya haye huhun hagu, amma za a yi abin da za a iya.

Baba ya ɗan farfaɗo washegari, ya nemi tumu. Na bi kasuwa a cikin yayyafi na samo zangarniya guda, na gasa a murhun mai shayi, na murje masa a tafin hannu. Ya sa 'yan ƙwayoyi a baki bai iya haɗiyewa ba. Kashegarin wannan, da hantsi, rana ta fito tas a karon farko cikin makonni, ya cika.

Maƙabartar ƙauyenmu tana ƙarƙashin ruwa, don haka a Haɗejiya aka binne shi, Inna ba ta ga ko makararsa ba. Kafin mu tafi na koma ɗakin gwaji, ban san me ya kai ni ba. Madam Rifkatu ta fito da farantin. Ƙwayar ta tsiro ta cika shi, mai yauƙi, tana sheƙi. Ta hau kan takardar tsohuwar allurar ta rufe ta ruf. Kewaye da takardar sabuwar kuwa fili ne tas, zagayayye, kamar wata ɗan daren sha huɗu.

“Da wannan aka kawo tun farko fa?” na ce.

Ta mayar da murfin farantin. “Rai na Allah ne, 'yata. Amma allurar tana nan a kabad tun ranar da kuka zo.”

Na ɗauka a nan abin zai tsaya. A wajen zaman makoki, ɗaki cike da mata, ruwa yana ɗiga daga rufi cikin tasoshi, Goggo ta ba da labarin da bakinta. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ita ta riƙa ba su nata, ta ce in wani abu za a yi, a yi a kanta, ta gama cin duniya. “Duk kwanakin da nake tsare da shi yana numfashi,” in ji ta. “Ranar da aka kai musu nasa, ranar suka sauya allura. Ku lissafa da kanku kwana nawa ya ƙara.”

Mata suka juyo suka dube ni. Wata ta ce, “Yarinta ce.” Wata ta ce, “Boko ce.” Na buɗe baki zan yi maganar faranti da fili da 'yan sanduna jajaye, sai na ji yadda za ta fito a wannan ɗakin, na rufe. Inna ce kawai ta jawo ni jikinta, ita ma ba ta ce komai ba, a gaban yayar miji take.

Ruwa ya janye a kan lokacinsa. Aka sami kifi a shekarar har ana bayarwa kyauta, waɗanda suka shuka shinkafa suka cika rumbu. Inna ta haifi namiji. In na bi layi zuwa rijiya, sai in ga tsofaffi suna jan ƙafa suna rufe inda suka tofa. Goggo ba ta sake ce mini Ummi ba. Ke, take cewa.

Yanzu an yi kwalta har kusa da ƙauyen, ciyawar kacalla ta cinye rabin hanyar da kwalekwalenmu ya bi, Madam Rifkatu ta yi ritaya ta koma garinsu. Kaskon dai yana nan. Da shi aka sauko da Goggo daga jirgi, ta sa ƙanena ya ɗebo mata yashi tun kafin ta nemi ruwan sha.

Yau da safe na ɗauki kwalbar na shiga ɗakinta. Ta rame, ta koma kamar ƙullin zane a kan tabarma, numfashinta yana jan zarton nan da na sani. Na durƙusa.

“Goggo, ki kurkure baki. Likita yana jira.”

Ta buɗe ido ta dubi kwalbar, ta daɗe, kamar ta ga tsohuwar maƙwabciya. Tari ya taso mata. Na matsa da kwalbar, ta juya kai ta tofa a kasko, ta sa yatsunta ta ja yashi ta rufe.

“In dole sai an kai musu,” in ji ta, “ki tofa naki ki kai.”

“Ba zai yi ba, Goggo.”

“Ni na yi wa ubanki.” Ta mayar da kai kan matashi. “Amma ni ina son sa.”

Na fito. Hadari yana haɗuwa ta gabas, kwaɗi sun fara. Na mayar da kwalbar kan taga. Gobe da safe zan sake shiga.